Godiya ga mutanen Nima da duk wanda ya nemi labarina

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdu lillahi, daren jiya na sauka Kano, na kwana a ɗakina bayan kwana 13 da na yi a Akara ba da shiri ba. Tun asuba ake sallama a ƙofar gida, ga jiki bai gama dawowa ba, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya gani. Wanda ya zo bai same ni ba ya yi mini uzuri.

Na ji har an ce sace ni aka yi, wasu kuma sun ce an tsare ni a boda. Ba ko ɗaya. Na taso daga Abijan da hantsi bayan mun gama lissafi da masu ba ni atamfa a kasuwar Ajame, da niyyar in biya Akara in wuce Lome. Mun tsallaka boda daga Nowe zuwa Elubo ta Gana kafin magariba lafiya lau. Muna wuce Takoradi wani irin sanyi ya rufe ni, haƙora na haɗuwa. Da muka isa tasha a Akara cikin dare, na sauko na zauna kan benci don jiri ya sake ni. Ban san lokacin da na kife ba. Da na farfaɗo babu jakar hannuna: fasfo, katin allurar shawara, wayoyi biyu da sefar da zan biya a Lome, duk sun tafi. Sidi 40 ne suka rage a aljihun gaba.

Godiyata ta farko, bayan Allah, ga wata yarinya 'yar dako ce, cikin waɗanda ake kira kayaye, masu kwana a tasha da kwanon ɗaukar kaya. Ko sunanta ban sani ba. Ita ta ga hulata da rigata ta gane daga inda na fito, ta ruga ta kirawo wani mai shayi Bahaushe. Shi kuma ya bar teburinsa a hannun yaro, ya sa ni a tasi ya kai ni Nima, unguwar zango a Akara. Na koma tashar sau biyu ina nemanta ban same ta ba. Allah Ya saka mata da abin da ya fi.

A Nima wani dattijo ya karɓe ni, bai tambayi ko ni ɗan wane ne ba. Ya tashi ɗansa daga ɗaki ya ba ni katifar, da gari ya waye ya kai ni asibiti aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya yi tsanani. Kwana uku ana ƙara mini ruwa, shi ya biya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: dattijon nan da hannunsa yake riƙe ni zuwa banɗaki. Baba, ban nemi izininka ba shi ya sa ban ambaci sunanka ba, amma na san yaranka za su karanta maka. Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya. Iya kuma, kokon nan da ƙosai na safe da waken da shinkafa da kuke kira wace, su suka tayar da ni, ba allura kaɗai ba. Na sha tsokanar Hausar Gana, yadda ake ce wa mace “ya zo”. Na tuba. Da wannan Hausar aka riƙa tambayata ya jiki dare da rana.

Kakanmu yana ba mu labarin fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro da jakuna, su yi watanni a hanya, su sauka a zangon Salaga wurin mai masauki, ya ajiye musu kaya ya tsaya musu a ciniki. Ina ɗauka labarin da ne. Shekara 14 ina yawo tsakanin Kwatano, Lome, Bamako, Duwala da Injamena, kullum otal nake sauka, ina ganin na waye. Ashe zangon na nan bai tashi ba, ni ne na daina biyawa.

Masu ganin hotunanmu a filin jirgi suna cewa muna shan daɗi. Akwai daɗin, ba na musu. Na samu mutanen da ke ba ni kayan miliyoyi a kan magana kawai, na iya Faransancin ciniki, na ci abincin ƙasashe. Amma ku tambayi duk mai bin hanyar Legas zuwa Abijan, wajen kilomita 1,000 da boda huɗu. Tun 1979 ECOWAS ta ce ɗan yankin ya shiga ƙasar ɗan'uwansa ya yi kwana 90 ba biza, amma a wasu shingayen hanya sai ka yi ta ciro na goro kamar ba ka da takarda. Sefar Duwala darajarta ɗaya da ta Lome, amma miƙa ta a kasuwar Lome ka ga kallon da za a yi maka. Wata ƙasar tana maƙwabtaka da kai, amma sai jirgi ya kai ka Adis Ababa tukuna ya dawo da kai. Duk wannan na saba. Rashin lafiya ba waya ba takarda, shi ne ban taɓa gani ba.

Abin kunya, lambar mutum ɗaya tak na haddace, ta Yaya, ita ma don bai taɓa canza ta ba. Sai kwana na huɗu hankalina ya dawo na iya tuno ta. Yaya, na gode da ka ɓoye wa Hajiya sai da ta ji muryata. Uwargida, kwana huɗun nan da kika yi kina ce wa yara “Abba na hanya”, ki yafe mini. Na haddace taki yanzu, jiya kika sa na karanta miki sau uku.

Ina godiya ga abokina na Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, wanda ya sa ɗan'uwansa ɗan canji a Akara ya kawo mini kuɗi har gado cikin awa biyu. Ina godiya ga ma'aikatan ofishin jakadancinmu da suka ba ni takardar gaggawa ta dawowa gida, da matashin Nima da ya yi ta zirga-zirga da ni wurin 'yan sanda neman rahoton ɓatan fasfo. Maƙwabtana na Kantin Kwari da suka yi karo-karo ba a roƙe su ba, da yaran shagona da na tarar da lissafinsu ko naira bai ɓata ba, da malaman unguwa da suka yi ta addu'a, Allah Ya bar zumunci.

Mai ba ni kaya a Lome ya ce in zo duk ranar da na warke, dilolina na nan ba zai sayar wa wani ba. Masu jiran kaya ku ƙara haƙuri, sai sabon fasfo ya fito. Layina zai dawo ranar Litinin in sha Allahu. Wanda kuma zai je Akara cikin watan nan ya biyo ta shago, akwai shadda biyu da turmin atamfa da zan ba shi ya kai Nima, da wani turmin daban ya bar wa mai shayin tasha, ko yarinyar nan za ta sake ɓullowa.