Jingdezhen, garin da ake gasa buta mai siffar mutum

Daga Guangzhou na hau jirgin ƙasa mai gudun tsiya, na sauya a Nanchang, na sauka Jingdezhen a lardin Jiangxi na ƙasar Sin. Kusan hanyar da tangaran ɗin garin yake bi a dā ke nan kafin ya isa jiragen Turawa a Guangzhou: kogin Chang, tafkin Poyang, kogin Gan, sannan 'yan dako su haura da shi mashigin dutsen Meiling. Abin da ya kai ni buta ce mai siffar mutum, irin ta zamanin Sarki Kangxi (1662–1722). Za ka ga mace a tsaye cikin doguwar riga, cikinta rami ne na zuba ruwa ko giya, tulun da ta riƙe ko hannun rigarta shi ne hancin butar, daga ka ko daga baya ake cika ta.

A unguwar da ake kira masana'antar sassaƙa na tsaya kan wani magini. Ba a kan faifai ake murza irin wannan ba. Ya haɗa farar ƙasar kaolin da niƙaƙƙen dutsen tangaran, ya danna yumɓun da babban yatsa cikin mazubi mai ɓari biyu, gaba da baya. Kai daban, hannuwa daban, hanci da mariƙi daban. Sai sun sha iska sun yi taurin fata, a liƙe su da kunun yumɓu, a kankare sawun da wuƙar gora. Nan ne aikin yake lalacewa. In gangar jikin ta fi hannun bushewa, ba za su tsuke tare a wuta ba, sai haɗin ya tsage. In aka bar wani rami a rufe ba ƙofar iska, ya fashe. In ƙasan rigar ya yi siriri, sai matar ta karkace, domin a zafin digiri 1,300 tangaran laushi yake yi.

Yawancin na Kangxi ana gasa su ne ba a shafa musu ruwan ƙyalli ba, don kada ya cike idanu da ninkin riga. Bayan sun huce sai a ɗora launi kai tsaye, a mayar da su ƙaramin murhu a wajen digiri 800. Kore daga tagulla yake, shunayya daga manganis, ja daga ƙarfe. Ruwan hoda kuwa da zinariya ake samar da shi, kuma sai a shekarun 1720 ya yaɗu. Duk butar da aka ce ta farkon Kangxi ce alhali rigarta ruwan hoda, a bar ta.

Wani limamin Kirista Bafaranshe, d'Entrecolles, ya rubuta a 1712 cewa kaya ɗaya yakan bi ta hannun mutum saba'in. Har yau mai zana fuska ba ya taɓa riga.

A Fanjiajing, kasuwar kwaikwayon tsofaffin tangaran da ke garin, na ga sababbi jere an dusashe su da sinadari, an shafe gindinsu da ƙasa. Kwaikwayon ma ba yau aka fara ba: an yi na Kangxi da yawa a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Samson na Faris ma ya yi. Kifa butar ka duba gindi, tsofaffin sukan nuna sawun zaren kyallen da aka ajiye su a kai suna ɗanye. Leƙa ciki da tocila ka nemi sawun yatsa da layin haɗi, na zubin zamani sumul yake. Wuya, yatsu da bakin hanci su suka fi karyewa, fitilar UV tana tona gyara a nan. Murfi ma sau da yawa ba nasa ba ne.

Dokar Sin ta hana fitar da kayan tarihi na kafin 1911. Na sayi sabuwa guda a hannun maginin, na karɓi rasit da ya ce sabuwa ce, na cire murfin na naɗe shi daban, na cusa auduga tsakanin hannun da ƙirji kafin in sa ta a jakar hannu.