Leda biyu

Yau da safe aka turo saƙo a zauren WhatsApp na wurin aikinmu cewa ɗan mai gadinmu yana asibiti, ana neman jini da gaggawa. Na je. Ina kwantawa a gadon da za a ɗebi nawa sai na waiga, wa zan gani a gadon kusa da ni? Mutumin da muke neman ƙarin girma zuwa kujera ɗaya da shi a wurin aiki, wanda kusan shekara biyu ke nan gaisuwarmu ba ta wuce fatar baki ba. Ni ne fa na canza mota bara don kawai ya canza tasa, har yau ban gama biyan bashin ba.

Da ma'aikaciyar jinya ta zo da allura sai ya kau da kai, ya ce min ƙasa-ƙasa, "Malam, don Allah ja ni da hira, wallahi tsoron allura nake." Na ja shi. Wajen minti goma muna magana, ledojin suna cika a hankali, kowace mililita 450. Lamba kawai ta manna musu, kuma da ta ajiye su wuri ɗaya na kasa gane wacce ce tawa. A hirar nan na ji cewa mahaifiyarsa ta yi wata takwas a kwance, shi ke kwana da ita. Ni kuwa duk ranar da ya makara, daɗi nake ji a raina. Mako mai zuwa za a fitar da sunan wanda ya samu ƙarin girman. Har yanzu ina so a ce ni ne, amma tun da na dawo gida mahaifiyar tasa nake ta tunani.