Daga Māngere zuwa Eden Park: Bin Sawun Jonah Lomu

Na sauka Auckland a watan Nuwamba, watan da Jonah Lomu, shahararren ɗan wasan zari-ruga na New Zealand, ya rasu a shekarar 2015 yana da shekara 40. Daga Doha zuwa can, jirgi na shafe awa 16 ko fiye bai sauka ko'ina ba. A wannan lokaci agogon New Zealand ya riga namu da awa 12, don haka kwana biyun farko barci ne ke yanke wa mutum jadawali.

Tun kafin a fita filin jirgi akwai abin kiyayewa. Ƙasar ba ta wasa da abin da zai shigo mata da cutar dabbobi ko ta shuke-shuke. Kilishi, dambun nama, zuma, goro, 'ya'yan itace, duk sai an bayyana su a takardar shiga. Wanda ya bayyana, iyaka a duba a karɓe abin da aka hana. Wanda ya ɓoye aka gano, tarar dala 400 ta ƙasar ce nan take. Hatta takalmin ƙwallo mai busasshiyar laka a ƙasansa sai an duba shi.

Filin jirgin a Māngere yake, unguwar da Lomu ya tashi, a kudancin birnin inda 'yan asalin Tonga da Samoa suka yi yawa. Iyayensa 'yan Tonga ne, ya kuma yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a tsibiran Ha'apai wurin dangi. Baƙo kan yi kuskuren zarcewa tsakiyar gari ya kama masauki, alhali kusan duk abin da ya zo nema yana nan kudu. Maƙabartar Manukau Memorial Gardens, inda aka binne shi, tana kan titin Puhinui, 'yan mintuna a mota daga filin jirgi. Wuri ne mai faɗin gaske, shi ya sa na fara duba rajistar kaburbura ta hukumar birnin a intanet kafin na je. Iyalai na zuwa ziyarar mamatansu, musamman ƙarshen mako, don haka ba wurin ɗaga murya ko yawan ɗaukar hoto ba ne.

Washegari na sayi katin AT HOP, wanda ake shiga bas da jirgin ƙasa da shi, na hau layin kudu daga tashar Puhinui zuwa Pukekohe. A taɓa katin wajen shiga, a sake taɓawa wajen fita; wanda ya manta na biyun sai a cire masa fiye da kuɗin tafiyarsa. Pukekohe garin manoma ne, albasa da dankalin turawa ko ta ina, kuma nan ne gidan ƙungiyar Counties Manukau da ya fara bugawa. Kusa da shi, a Paerata, Wesley College take, makarantar Methodist da aka kafa a 1844. Ba a shiga sai da izini, daga bakin hanya na hango filayenta.

A wannan makaranta Lomu ba ɗan gefe ba ne, cikin ƙartin gaba yake bugawa. A zari-ruga 'yan wasa 15 ne: takwas na gaba masu ture da ƙwatar ƙwallo, bakwai na baya masu gudu. Ɗan gefe a al'ada siriri ne mai tsere. Sai ga mutum mai tsawon mita 1.96 da nauyin wajen kilo 120, yana cinye mita 100 a ƙasa da daƙiƙa 11, an ba shi riga mai lamba 11 a gefen hagu. Ya fara buga wa All Blacks, ƙungiyar ƙasar New Zealand, a 1994 da Faransa yana da shekara 19 da kwana 45, kuma wasan bai yi masa kyau ba, domin bai riga ya san inda ɗan gefe ke tsayawa wajen tsaro ba.

Shekara guda bayan haka, ranar 18 ga Yuni 1995, a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya a Cape Town, ya dire ƙwallo bayan layin Ingila, wato ya ci maki, sau huɗu, aka tashi 45 da 29. Ta farkon ce ake ta maimaitawa: ƙwallon ta faɗi bayansa, ya ɗauka, ya wuce Tony Underwood, Will Carling ya taɓe masa diddige, yana tangaɗi ya bi ta kan Mike Catt. Mai irin wannan jiki, ka tare shi a ƙirji ka sha ƙasa. Afirka ta Kudu ta gane haka a wasan ƙarshe: James Small ya toshe masa waje ya riƙa kora shi ciki, inda su Joost van der Westhuizen ke jiran ƙafafunsa. Suka ci 15 da 12. Har ya daina wasa bai taɓa dire musu ƙwallo ba, duk da ya dire 37 a wasanni 63 na ƙasa, 15 daga ciki a Kofin Duniya biyu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a jirgin ƙasa na dawowa daga Pukekohe shi ne kusan duk wannan da ciwo ya yi shi. A 1995 aka gano yana da cutar ƙoda mai sa furotin ya riƙa zuba cikin fitsari. Jiki ya kumbura, gajiya ta yi yawa, jini kuma ya fi saurin gudajewa. A 2003 ya koma wankin ƙoda sau uku a mako, jijiyoyin ƙafafunsa suka lalace har tafiya ta yi wuya. A 2004 aka yi masa dashe, likitoci suka ɗora ƙodar sama, bayan haƙarƙari, maimakon ƙasan ciki inda aka saba, don kada karo ya same ta. Da ita ya buga wa Cardiff a Wales. A 2011 jikinsa ya ƙi ta, ya koma kan na'ura. Ya dawo gida daga Kofin Duniya na 2015 a Ingila, sai zuciyarsa ta tsaya ranar 18 ga Nuwamba.

Eden Park, babban filin wasan birnin, na bari a ƙarshe. Ana hawa layin yamma a sauka Kingsland, filin yana tsallaken titi, yana cin mutum kusan 50,000. Ranar da babu wasa ƙofofi a rufe suke, zagayen ciki kuma sai an yi rajista tukuna. Nan aka kawo gawarsa ranar 30 ga Nuwamba 2015, ɗaliban Wesley da tsofaffin 'yan All Blacks suka yi masa rawar da ake kira "haka", rawar Māori, 'yan asalin ƙasar, ta buga ƙirji da ƙafa da ake yi wa manya. Na zagaya filin ta waje sau ɗaya, iska mai sanyi na kaɗawa duk da rana ta take, sannan na koma tasha.