Ranar da na kwashe laka, na haɗa da karfasa

Shekara uku ban yashe tafkin kifina ba. Ragowar abinci, kashin kifi, ganyen darbejiya da iska ke zubowa, duk sun kwanta a ƙasa sun zama baƙar laka har gwiwa. Zubar da ruwan a watan Afrilu ba zai yiwu ba, a ina zan samo wani? Injin ban-ruwa kuwa sau biyu fankarsa tana shaƙewa. Shi ya sa na haɗa famfon iska.

Ba wani abin wahala ba ne. Bututun roba mai inci 4, tsawon mita 3, da lanƙwasa a sama inda laka za ta fita, sai tiyon iska da ya shiga kamar taƙi ɗaya daga bakin ƙasa. Kwamfuresa na aro wurin mai facin taya. Iska na shiga ta gauraya da ruwan cikin bututu, ya zama bai kai na waje nauyi ba, sai na wajen ya tunkuɗo shi sama tare da laka. Babu fanka, balle ta shaƙe. A wajen da zurfi ya kai mita biyu da rabi, amai yake yi baƙi ƙirin. A gefe inda ruwa bai wuce ƙugu ba, kumfa kawai yake hurawa, don sai mafi yawan bututun ya nutse yake ja. Sau ɗaya leda ta toshe bakin, bututu ya cika da iska ya yi tsalle, saura ƙiris ya fasa min haɓa. Na ɗaura masa bulo, na ci gaba.

Daɗin ganin laka na fita shi ya rufe min ido. Na fara aikin bayan sallar asuba, wai don in guje wa rana. Ni da na san cewa da asuba iskar shaƙa ta fi ƙaranci a tafki, tunda gansakuka ta kwana tana zuƙarta ba ta bayarwa. Na sani, wallahi na sani. Sannan na riƙa jan bakin bututun a ƙasa kamar mai shara, ina tayar da abin da ya shekara uku a kwance. Warin ruɓaɓɓen ƙwai ya cika wurin, ni kuwa ina murna wai datti na fita.

Wani dattijo mai lambu kusa da ni ya tsaya ya ce, "Ɗana, ruwan nan da kake zubarwa, ina yake zuwa?"

Na ce, "Baba, ai lambu yake gangarawa."

Bai ce komai ba, sanda kawai ya nuna. Ashe ruwan ya zagaya ta bayan tudu yana komawa cikin tafkin.

Kafin ƙarfe tara karfasa sun taso saman ruwa suna buɗe baki. Tarwada ba su damu sosai ba, su suna iya shaƙar iska a sama. Karfasa ba su da wannan. Na cire tiyo daga bututu na jefa cikin ruwa don ya ba su iska, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Sama da 200 na kwashe da hannuna, saura wata guda su isa kasuwa. Masu banda suka saye a yadda suka ga dama, ni ko ciniki ban iya yi ba.

Famfon bai yi laifin komai ba, kuma har gobe shi nake amfani da shi. Amma yanzu sai rana ta take nake kunnawa, kuma ba na ba kifi abinci ran aikin. Bututu ya tsaya wuri ɗaya har ruwan ya fara haske, in rufe iska, in ɗaga shi, in sauke gaba kaɗan. Kwata ɗaya na tafkin a yini, ba ƙari. Iskar ma kaɗan-kaɗan nake buɗewa, in ta yi yawa tofi kawai yake yi. Kafin duk wannan kuwa sai na haƙa magudana, na jera buhunan yashi, na zuba bokitin ruwa na bi shi da ƙafa har inda ya tsaya.

Lakar na bar wa Baba. Ya shanya ta, ya zuba wa tumatirinsa.