Awannin farko bayan fashewar tauraro

Hotunan da Swift, wani tauraron ɗan'adam mai hangen sararin samaniya, ya ɗauko a 2017, bayan karon wasu taurari biyu masu tsananin nauyi, har yau suna raina. Madubinsa na hasken UV (wani haske da ido ba ya gani) santimita 30 ne kacal, amma ya kama hasken kafin ya dushe.

Idan tauraro ya fashe, awannin farko sun fi zafi, kuma yawancin hasken na UV ne. Daga ƙasa ba a ganinsa, iskar ozon ta tare shi. Hubble kuwa, madubin hange da ke sararin samaniya, ɗan guntun sama yake kallo, ga layin masu jiransa. Shi ya sa nake ɗokin ƙananan na'urorin hangen UV daga sararin samaniya masu faɗin gani irin ULTRASAT, domin hasken farkon nan ne ke nuna girman tauraron kafin ya tarwatse.