Yadda wasan share fage ya saba ni da Bauchi

A 2016 na baro Damagaram na zo Bauchi neman aikin ɗinki. Wani Alhaji a Kasuwar Wunti ya ba ni keke a shagonsa, ya kuma ba ni wurin kwana a zaurensa. Magana ba ta ba ni wahala ba, Hausa ce can, Hausa ce nan. Kaɗaici ne ya so ya kayar da ni. Da an tashi kasuwa kowa ya kama gabansa, ni kuwa sai zaure da 'yar rediyona. Ko sabulu zan saya sai na juya naira zuwa sefa a zuci kafin in miƙa kuɗi.

Na riƙa zuwa gidan kallo don in samu abokan hira, amma can hirar Arsenal ce da Chelsea da Barcelona. In na ambaci Sahel SC ko Olympic ta Yamai, sai a dube ni a ci gaba da musu.

A shekarar ce Wikki Tourists ta Bauchi ta ƙare ta uku a gasar Najeriya, ta samu gurbi a Kofin Confederation na 2017 na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka. Amma samun gurbi ba shi ne shiga rukuni ba. Sai ƙungiya ta bi ta wasannin share fage, gida da waje, a haɗa ƙwallayen wasa biyun, wanda ya gaza ya koma gida. A tsarin wancan lokacin, zagaye uku ne a gaban Wikki kafin ta shiga cikin ƙungiyoyi 16 na rukuni. Aka haɗa ta da RSLAF, ƙungiyar sojojin Saliyo, aka ci ta 2-0 a can.

Ranar wasa na biyu, muna idar da azahar Alhaji ya ce, "Ɗan Damagaram, rufe keken nan, yau Wikki na buƙatar kowa." Ya biya mini kuɗin shiga filin Abubakar Tafawa Balewa. Wani dattijo da ke gefena, carbi a hannun hagu, ya riƙa yi mini lissafi da yatsun dama: biyu babu ko ɗaya sai bugun fanareti, uku mun wuce, in suka zura ɗaya aiki ya ƙaru. Ya gutsuro rakensa ya miƙo mini bai tambayi daga ina nake ba. Da ƙwallo ta shiga, ban san lokacin da na rungume shi ba ina cewa, "Baba, saura ɗaya!" Ta biyun ba ta zo ba. Aka tashi 1-0, Wikki ta fita.

Har yau abin na ci mini rai. Gumin kaka guda ya tafi cikin mako ɗaya, ga kuɗin jirgi da masauki da aka zuba. Shi ya sa ba na yarda a raina wannan mataki. Manyan ƙungiyoyi irin su Al Ahly ta Masar na ɗaukarsa ƙofar wucewa, amma ga ƙananan ƙungiyoyinmu sau da yawa shi ne dukan rabonsu a Afirka.

Washegari a shago, da aka fara tattauna wasan, aka juyo ana tambayar ra'ayina. Daga nan aka fara kirana majalisa da dare, har aka sa ni adashen teloli.

A 2021 aka rama mini. USGN, ƙungiyar jandarmomin Nijar, ta riƙe Al Ahly 1-1 a Yamai a share fagen Gasar Zakarun Afirka. An lallasa ta a Alƙahira, ta gangaro Kofin Confederation, ta fitar da Motema Pembe ta Kwango, ta shiga rukuni. Maƙwabtan shago suka yi ta zuwa yi mini barka. Wani ya tuna mini cewa Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ɗin a 2009, muka yi ta musu har magariba.

Yanzu duk shekara in CAF ta raba jadawali, ƙungiyoyin ƙasa biyu nake dubawa: Najeriya mai gurbi biyu a kowace gasa, da Nijar mai ɗaya. Ba kasafai ake nuna waɗannan wasanni a talabijin ba, don haka a Facebook muke bin sakamakon, ni da yaran shago, waya ɗaya a kan teburin yanka.