Dalmar da na tarar a wutsiyar jirgin Alhaji

Batir uku jirgin Alhaji ya cinye cikin shekara biyu, kuma duk zafi ne ya kashe su. Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu, fiffikensa a sama, injinsa Rotax 912, irin waɗanda ake haɗawa da hannu. Wanda ya haɗa shi ya ɗaure batirin a jikin bangon ƙarfen da ya raba injin da mazauni, ta ɓangaren injin, dab da salansa. A ƙasar sanyi ƙila hakan ya yi. A ranar Akra kuwa gasuwa batir yake yi kamar tsire. Ni na ba Alhaji shawarar mu mai da shi baya, bayan wurin ajiye kaya. Ni na kawo maganar, ba wanda ya sa ni, shi ya sa abin yake ci mini rai har yau.

Aikin hannu bai ba ni wahala ba. Na yi masa gida mai ƙarfi, na ja kebur mai kauri don kada wuta ta raunana kafin ta kai ga sitata, na dawo da makunnin da ke yanke wuta kusa da batirin don kada dogon kebur ya zauna da wuta a ƙarƙashin kujera. Nan na zuba duk hankalina. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Lissafin ma na yi shi, kuma daidai na yi shi. Batirin kilo 7 ne, na matsar da shi mita 2.2. Ka ninka su, ka raba da nauyin jirgi in ya yi lodi, kilo 450, ka ga cibiyar nauyi, wato inda nauyin gaba da na bayan jirgi suke daidaita, ta ja baya da santimita 3.4. Na ɗauko takardar awon jirgin daga cikin fayil, wadda aka rubuta tun ranar da aka gama haɗa shi. Ta nuna ko an zaunar da mutum biyu an cika wurin kaya, akwai saura santimita 5 kafin cibiyar ta kai iyakar baya da aka ƙayyade mata. An cire 3.4, saura ɗaya da rabi da 'yan kai. Ƙunci ne, amma cikin ƙa'ida yake. Na sa hannu.

Abin da ban yi ba shi ne ɗora jirgin a kan sikeli. Na yi tunaninsa, ba zan yi ƙarya ba. Amma sai an yi hayar sikelin, sai an tsiyaye mai, yini guda ya tafi, ga Alhaji yana ta bugo waya daga unguwar Nima yana cewa, "Injiniya, yaushe ne?" Na ce a raina ai takarda tana nan. Takardar da ban san wanda ya rubuta ta ba, ban san hannu nawa suka taɓa jirgin a bayanta ba.

Al'adata ce in na taɓa jirgi, da ni ake tashin gwaji. Da safe muka fita ni da Kyaftin, matuƙin jirgin, dattijo ne ɗan Zangon Kumasi, mai ƙarancin magana. Na jefa akwatin kayan aikina a bayan kujera, wato da hannuna na kai jirgin ga lodin da ya fi kowane ja baya. Muna fara gudu a kan titi, hancin ya ɗaga da kansa tun Kyaftin bai ja sandar tuƙi ba. Na ga hannunsa ya tura gaba. Ya tura tirim, abin da ke rage wa matuƙi wahalar riƙe sanda, har ƙarshe, duk da haka bai saki sandar ba. Da ya sassauta kaɗan sai hancin ya nemi sama, da ya taɓa kaɗan sai jirgin ya amsa fiye da yadda aka tambaye shi. Bai dube ni ba. Cikin abin magana na kunne na ji ya ce, "Injiniya, me ka sa mini a baya?"

Zagaye ɗaya muka yi muka sauka, da gudu fiye da yadda ya saba, don bai yarda ya rage wa jirgin sauri ba. Na san dalili, shi ya sa bakina ya bushe. Jirgin da nauyinsa ya rinjaya gaba wahalarsa ita ce ɗaga hanci wajen sauka. Wanda ya rinjaya baya shi ne mugun. In fiffike ya daina riƙe iska, hanci ya kamata ya faɗi da kansa jirgi ya sake samun gudu. In cibiyar ta wuce iyaka, hancin na iya ƙin faɗuwa, wutsiya kuma ba ta da ƙarfin tilasta shi. Duk wanda ya taɓa ganin amalanken da aka jibga wa kaya a gindi ya ɗaga mai turawa sama, ya ga abin a ƙasa.

Washegari na yi abin da ya kamata in fara da shi. Muka tsiyaye mai, muka rufe ƙofofin rumfa don iska kaɗan a kan fiffike tana sauya awo, muka ɗora kowace taya a kan sikelinta, muka daidaita jirgin da lebur yadda littafinsa ya ce, muka cire nauyin katakon tare taya daga lissafi. Na saki igiya daga gaban fiffike na yi alama da alli a siminti, na auna da tef zuwa kowace taya. Sau uku na maimaita, don na ƙi yarda da abin da nake gani. Jirgin ya riga ya fi takardarsa ja baya da santimita uku da rabi tun ban taɓa shi ba. Wato mun tashi mun wuce iyaka da kusan santimita 2.

Ruwa ba ya tsami banza. Na kwance ƙaramin murfin da ke ƙarƙashin wutsiya, na zura tocila. Gidan zanzaro na fara gani, har biyu. A bayansu, can ƙuryar da hannu ke kaiwa da ƙyar, ga wani dunƙule launin toka an ɗaure shi da noti biyu, an shafe shi da fenti. Dalma ce, kilo 3 cif. Wani makaniki a wani zamani ya ga hancin jirgin yana da nauyi, ya gyara shi da dalma, ya tafi bai rubuta ko harafi ba. Kilo 3 ba komai ba ne a hannu, amma a nisan mita 4 daga cibiya ya kusa yin aikin batirina gaba ɗaya. Sauran bambancin sabon fenti ne da wata farfela marar nauyi da aka sauya, su ma ba a rubuce ba. Na zagi mutumin nan a zuciyata yini guda. Da dare sai na tuna shi bai sa hannu a komai ba, ni na sa.

Muka cire dalmar, muka sake awo, cibiyar ta dawo cikin iyaka, batirin ya zauna inda na sa shi, jirgin ma ya rage nauyi. Na rubuta sabuwar takarda da kwanan wata, na lissafa batir da gidansa da kebur da farfela ɗaya bayan ɗaya, na soke tsohuwar da jan biro amma na bar ta a fayil. Kuɗin hayar sikeli daga aljihuna ya fita, ban iya buɗe baki na tambayi Alhaji ba.

Kwanan baya wani ya zo yana so in cire masa batirin dalma da ke gaban jirginsa in sa na litiyom, wanda bai kai rabin nauyinsa ba. Ya ce ai rage nauyi ne, ba sai an auna ba. Na ce masa kilo 5 da aka cire daga hanci ja baya ne, kuma ba na kwance noti ɗaya sai jirgin ya hau sikeli na leƙa wutsiya da tocila. Ya yi ƙorafin kuɗi ya tafi, bai dawo ba tukuna. Kyaftin yana zaune a gefe yana shan kokonsa, ya ce, "Bar shi, Mai Dalma." Sunan da ya laƙaba mini ke nan, har yaran rumfa sun ɗauka.